Ranar da Na Kori Makaɗan Alhaji

Mijin yayata, Alhaji, bai san doki ba. Gara in fara da wannan, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Ya san taki, ya san buhu nawa tirela ke ɗauka, ya san ƙofar da ake bi a fito da takardar kwangila. Amma in ka tsayar da shi gaban doki ka ce ya nuna maka inda ake ɗaure sirdi, sai ya waiwaya ya dubi wanda ke riƙe masa waya. Duk da haka shi ne mai doki. Ni kuwa, malamin firamare da albashinsa ba ya isar dusa, ni ne mai kwashe kashi da safe.

Gidanmu yana can cikin birni, a wani lungu da napep ba ya shiga sai ya gogi bango. A da gidan dawaki ne. Kakanmu ɗinkin sirdi yake yi, mahaifina kuma bai taɓa kwana ba doki a turke ba har ya bar duniya. Bayan rasuwarsa turken ya zauna haka nan, matan gida suka mai da shi wurin ɗaure igiyar shanya. Wanda ya rage cikin masu sanin abin shi ne Baffa, ƙanin mahaifina, tsoho mai ciwon gwiwa da ƙarancin magana, wanda ya daina hawa amma bai daina kallon ƙafar duk dokin da ya gifta ba.

Alhaji ya sayi dokin ne saboda abokan cin kasuwarsa sun saya. Da aka kawo masa, sai ya tuna gidansa na bayan gari duk an malale shi da siminti, ga furannin Hajiya yayata. Shi ne aka jawo shi cikin birni aka ce mu riƙe. Ingarma ne bidi, wato fari mai ɗigo-ɗigon toka, dogo, mai faɗin ƙirji. Daga hannun masu ba da hayar dawaki don hawan angwanci ya fito. Baffa ya buɗe bakinsa ya duba, ya saki, ya koma ya zauna. Gefen bakin duk ya tsattsage, haƙarƙarinsa kuma tabon ƙaimi ne layi-layi.

Wanda bai sani ba, in ya ga doki yana rawa a hawan angwanci, sai ya ce dokin yana jin daɗin kiɗa. Ƙarya ce. Ga yadda ake yi: a sa masa linzami mai nauyi, mai ƙarfen da ke dukan ganɗa, a buga kalangu a kunnensa, mahayi ya soke shi da ƙaimi ya kuma ja linzami a lokaci guda. An ce ya tafi, an hana shi tafiya. Sai ya dinga tattaka wuri ɗaya, yana kumfa, idonsa a waje. A yi ta yi masa haka har ya zama da ya ji kalangu, ko ba kowa a bayansa, jikinsa ya ɗauki rawa. Wannan azabar ce mutanen garinmu ke tsayawa suna wa tafi, mata na guɗa, ango na ɗaga hannu. Na tsani abin tun ina yaro, kuma har yau in na ji kiɗan hawa nakan sake hanya.

Shekara biyu na yi ina lallashin bidin nan. Na rataye linzamin da ya zo da shi a ƙusa, na koma jan sa da ragama kawai har bakinsa ya warke, sannan Baffa ya fito min da wani siririn linzami na mahaifina daga ƙarƙashin gado. Da fari ko murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai ya tsinke igiya. A hankali ya san takuna. In na dawo daga makaranta na shigo zaure, zan ji ya yi wannan ƙaramar haniniyar ta cikin hanci. Ina son dokin nan, ba na jin kunyar faɗa. Alhaji kuwa yakan zo sau ɗaya a wata, ya tsaya nesa don kada takalminsa ya ɓaci, ya tambaya me ya sa dokin ya yi sanyi. Shi a wurinsa dokin da ba ya tsalle yana zare ido ba doki ba ne.

Sai ga maganar gasa. Wasu samari 'ya'yan manya, da suka yi karatu a waje suka dawo da ɗokin abin, suka ce za su shirya tseren dogon zango a bayan gari, wajen dutsen Kufena. Ba sukuwa irin wadda muka saba ba, ta a zabura a je a dawo cikin minti biyu. Kilomita sittin za a yi, an raba zango uku. Ƙarshen kowane zango a sauka, a kai doki gaban likitan dabbobi ya saurari zuciyarsa. An ba ka minti ashirin daga saukarka, bugun zuciyar ya sauko zuwa sittin da huɗu a minti ko ƙasa da haka. In bai sauko ba an fitar da kai, ko da kai ka riga kowa isowa. Har zangon ƙarshe haka ne: ba ka gama ba sai likita ya ce ka gama.

Da na karanta wa Baffa dokokin, sai ya yi murmushi ya ce, “To ai tafiyar fatake ce suka sa wa agogo.”

Alhaji ya zo da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya zauna a zaure kan kujerar da aka ɗauko masa, ya ce abokansa duk sun sa dawakansu, shi ma ya biya an rubuta nasa.

“Malam, kai za ka hau,” in ji shi. “Amma ka ji ni da kyau. In ya kammala, ya ci gaba da zama a wurinka, na bar maka riƙonsa har abada. In ya ba ni kunya aka fitar da shi, masu hayar da na saya a hannunsu sun daɗe suna bi na. Zan mayar musu.”

Ya faɗi haka yana duba waya. Ni kuwa na san abin da mayarwar take nufi: linzamin nan da ke rataye a ƙusa zai koma bakin da na yi shekara biyu ina shafa wa man kaɗe. Na ce masa na ji, amma ina da roƙo ɗaya. Ranar gasar kada a zo da kiɗa, kada a zo da maroƙa. Na yi masa bayani dalla-dalla yadda zan yi wa ɗan aji uku. Ya ce, “To, Malam, ba damuwa,” ya tashi. Na bi ta wajen Yaya ma na sake jaddadawa, ta ce za ta tuna masa.

Wata uku muka yi muna shiri. Bayan sallar asuba in ɗaura sirdi, in bi lunguna kafin masu koko su fito, in fita ta ƙofar gari in yi yamma. Matsalar bidin ba ƙarfi ba ce, yana da shi har ya yi yawa. Matsalarsa zuciya. Ya hangi wani doki a gaba, shi ke nan, wuyansa ya sanƙare, ya fara tafiya a karkace, gumi ya karyo masa tun ba a je ko'ina ba. Doki irin wannan yakan ƙone kansa kafin rabin hanya. Baffa, yana zaune kan tabarma yana shafa gwiwa, shi ya dinga ba ni abin yi kaɗan-kaɗan. Ya ce kada in riƙe linzami da ƙarfi in ya fara, don riƙon ne ke tuna masa da can. In ja kaɗan in saki, in ja in saki. Ya ce in lura da numfashina, wai doki yana jin sa ta cinyar mahayi, in na riƙe nawa shi ma zai riƙe nasa. Na ɗauka zancen tsofaffi ne sai da na gwada.

Ya koya min kuma abin da za a yi bayan an sauka. A sassauta majayi, wato ɗamarar sirdi, tun kafin a iso. A juya masa baya ga sauran dawaki. A zuba ruwa a wuya da ƙirji da cikin cinyoyi, a share da hannu, a sake zubawa, don ruwan da ya zauna a jiki zafi yake ɗauka. A sa babban yatsa a murza gindin kunne har kansa ya sauko ƙasa da kafaɗa, leɓensa na ƙasa ya saki. Sannan a yi masa fito, siriri, dogo, har ya buɗe ƙafafu ya yi fitsari. Baffa ya ce dokin da ya yi fitsari ya yarda da wurin ke nan, kuma zuciyarsa za ta sauka nan take. Na yi ta yi masa fiton nan kullum a turke har ya saba, matan gida suna ta yi min dariya ta taga.

Ranar gasa ta zo a ƙarshen damina, dawa ta yi kai, ƙasa da sauran laima. Muka isa filin da sassafe, ni a kan bidi, Baffa a napep da bokitai da soso. Dawaki sun kai talatin. Kai, na ga abin takaici a wurin nan. Samari cikin matsattsun wanduna farare da dogayen takalma, kowa da baƙin tabarau, kowa da mai ɗaukar sa hoto. Wani ya zo da ƙaimi mai tsawon yatsa, zai yi tafiyar kilomita sittin. Wani ya ɗora wa dokinsa kayan ado har da su tunjimi, sai da aka sa shi ya sauke. Suka dubi tsohon sirdina da hular kwanon da na aro wurin wani ɗan acaɓa, ɗaya ya tambaye ni ko ni ne mai kawo ciyawa.

Likitar mace ce, 'yar Wusasa, gajera, mai furfura a goshi, Hausa a bakinta tas. Ita kaɗai ce a cikin masu shirya abin na ga ta fara duban doki kafin ta dubi mai shi. Ta shafa tabon haƙarƙarin bidi, ta dube ni.

“Ba ni na yi ba, Likita,” na ce.

“Na sani, Malam. Tsohon tabo ne. Ka bi shi a hankali, zuciyarsa a kusa take.”

Da aka busa usur, sai filin ya tashi gaba ɗaya. Suka zabura kamar an ce musu tseren ya ƙare a bakin gonar farko. Bidi ya miƙe tsaye da ƙafa biyu, ya sauko, ya fara tattakawa. Na juya kansa zuwa dutse, na ba su baya, na ja na saki, na ja na saki, ina fitar da numfashi a hankali ina yi masa magana ƙasa-ƙasa, maganar da ba ta da ma'ana. 'Yan kallo suna ta ihu wai dokin Malam ya ƙi tafiya. Sai da ƙarar kofatai ta ɓace sannan na juyo shi, muka bi sawunsu da sassarfa, mu kaɗai.

Hanyar ta bi ta tsakanin gonaki, ta ratsa wani rafi, ta zaga bayan dutsen. Ba mu yi nisa ba muka fara cim musu. Ga wani yana jan dokinsa da ya fara ɗingishi, ga mai dogon ƙaimi a zaune gindin ɗorawa ya cire takalmi, dokinsa na tsaye kai a ƙasa, cikinsa na bugawa. Duk wanda za mu wuce sai bidi ya ɗaga kai yana neman tsere, ni kuma in karkata shi gefe, in sa shi ya taka a hankali har mu wuce. A rafi na bar shi ya sha, na jiƙa masa wuya. Da muka hango tutocin sansani na sauka, na sassauta majayi, na ja shi da ƙafa. Baffa na jira da bokiti. Muka yi masa yadda muka saba, na yi fito, ya yi abin da ake so. Likita ta ɗora abin saurarenta bayan gwiwar hannunsa na hagu, ta dubi agogo, ta ce hamsin da takwas. Kusan rabin samarin nan a zangon farko aka sallame su, suna ta faɗa wai likita ba ta san tsadar dawakansu ba.

Zango na biyu ya fi wuya don rana ta take, amma shi ma muka wuce. Bidi ya gane aikin. Ya ci harawa, ya sha ruwa da 'yar kanwa, har ya ɗora haɓarsa a kafaɗar Baffa. Duk wannan ba Alhaji a wurin. Ya ce yana da ɗaurin aure. Na yi hamdala a raina, na ce Allah ya sa walimar ta yi tsawo.

Ashe wani ɗan kanzaginsa yana wurin, yana buga masa waya. Ya gaya masa dawaki bakwai suka rage, nasa na ciki, na abokansa duk an fitar. To mutum irin Alhaji, a ce masa ya fi abokansa a wani abu, ya zo shiru? Ina.

Na dawo zangon ƙarshe wajen la'asar, dawaki biyu ne kawai a gabana. Cinyoyina sun mutu, bayana kamar an sara, amma raina fari. Na sauka nesa da tutoci, na sassauta majayi, ina tafe ina gaya wa bidi ya gama, saura fitsari ɗaya ya zama nawa. Mai rubuta lokaci ya rubuta. Baffa ya ɗaga bokiti ke nan sai na ga motoci uku sun faka a bakin igiyar sansani. Aka buɗe ta tsakiya Alhaji ya fito cikin babbar riga, aka buɗe ta baya makaɗa huɗu suka diro da kalangai a hammata, da maroƙi.

Bugu ɗaya suka yi. Na ji igiyar bidi ta miƙe a hannuna. Kan bidi ya tashi sama, kunnuwa suka miƙe, ya fara ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya yana tattaka wuri guda, ba kowa a bayansa, ba ƙaimi, ba komai. Ya ture bokitin Baffa. Farar kumfa ta fito tsakanin cinyoyinsa. Jama'a suka taso suna tafi, suna cewa dokin Alhaji ya yi kilomita sittin ga shi yana rawa. Maroƙi ya buɗe murya yana kiran Alhaji mai taki mai dawaki, Alhaji na zaro sababbin kuɗi yana liƙa wa shugaban makaɗan a goshi.

Na ba Baffa igiya, na je na rusuna. “Alhaji, don Allah a dakata da kiɗan nan minti goma. Ba a gama ba, sai likita ta auna shi.”

“Haba Malam, ka bar shi ya yi murna mana,” in ji shi, bai ma dube ni sosai ba. “Ba ka ga yana so ba?”

Na koma. Na zuba ruwa, ya zame. Na kai hannu kunnensa, ya fizge. Na yi fito, ni kaina ban ji fiton ba. Likita ta matso ta ɗora abin saurarenta a gurguje, ta ce min ƙasa-ƙasa, “Ya haura tamanin, Malam. Saura minti tara. Ni na yi musu magana ba su ji ba.” Masu shirya gasar kuwa, jaruman nan masu tabarau, suna tsaye suna ɗaukar bidiyo. Ba wanda zai iya ce wa mai kuɗi ya yi shiru.

Ban san lokacin da na isa gaban shugaban makaɗan ba. Dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Na fizge gular kiɗan daga hannunsa na wurga ta cikin duron ruwa. Sauran suka tsaya. Na juya ga Alhaji, a gaban abokansa, a gaban wayoyin nan duka, na ce masa ya kwashe mutanensa ya bar wurin. Na ce masa bai san doki ba, bai taɓa sani ba, ko akuya aka ba shi riƙo sai ta lalace. Na ce kuɗin taki ya saya masa doki amma bai saya masa hankali ba. Na faɗa da ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin faɗar, don shekara biyu maganar tana makogwarona.

Alhaji ya dube ni, ya gyara hula, ya juya ya shiga mota. Makaɗan suka bi shi, dattijon na ƙarshe, yana kallon duron.

Saura minti bakwai. Numfashina ya hau, kuma na san bidi zai ji. Baffa ya ce, “Malam, bari taka zuciyar ta fara sauka tukuna.” Na jingina goshina a wuyan dokin, na ja numfashi na saki, na ja na saki. Muka juya shi ya fuskanci gonar dawa. Baffa na zuba ruwa da gwiwarsa mai ciwo, ina sharewa. Na lallaɓa hannu daga wuya zuwa gindin kunne, wannan karon ya bari. Na murza, na murza. Kan ya fara saukowa, ya tsaya, ya sake saukowa. Leɓen ya saki. Na yi fito, bakina a bushe, sai iska ke fita. Baffa ya karɓa. Tsohon nan da haƙoransa suka zube ya yi wani siririn fito mai tsawo, bidi ya yi ajiyar zuciya, ya buɗe ƙafafu.

Likita ta saurara minti guda cur, idonta a kan agogo. Ta ce sittin da biyu. Ta sa na ja shi da sassarfa na je na dawo, ba ɗingishi. Ta rubuta, ta miƙo min takardar, ta ce, “Ya kammala.” Na zauna a ƙasa cikin caɓin ruwan nan na yi kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.

Kwana uku ina jiran abin da zai biyo baya. Bidiyon ya zaga gari, har ɗalibaina sun gani. Wasu na cewa na yi daidai, amma a bayan ido suke faɗa. Ran na huɗu na dawo daga makaranta na shiga zaure, ban ji haniniyar bidi ba. Baffa na zaune bakin turke da ragama a hannu. Ya ce Alhaji ya aiko da mutane da mota sun tafi da dokin, sun ce za a je a ɗauki hoto da shi. Ya ce da ya ga sun tambayi tsohon linzamin, ya san ba hoto ba ne.

Da yamma Yaya ta zo, idanunta sun kumbura. Ta ce, “Malam, ka tozarta min miji a bainar jama'a. Ko me ya yi, yayanka ne. Ka je ka ba shi haƙuri. Na san halinsa, in ka ƙasƙantar da kai zai sauko, ya mayar maka da dokinka.”

Ba na son zuwa. Amma na auna girman kaina da bakin dokin nan, na ga girman kan bai kai ba. Washegari na sa riga mai kyau na tafi. Aka bar ni a tsaye a ƙofa kusan awa guda, sannan aka shigar da ni falo. Mutanensa na zazzaune a kan kafet, cikinsu har da shugaban makaɗan. Na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa, na ce na yi kuskure, zafin rana ne da gajiya, a yafe min. Na kira shi yaya, na kira shi uba. Duk abin da na san ƙarya ne na faɗa.

Alhaji ya yi murmushi irin na manya. Ya ce, “Ya wuce, Malam, wallahi ya wuce. Ni ba na riƙo. Amma ba ni kaɗai ka ci wa fuska ba. Ga wanda ka wurgar wa gula, a gabana, yana cikin yi min kiɗa.”

Na juya a durƙushe na ba dattijon haƙuri shi ma. Ya ce ba komai.

“To ka san al'ada,” in ji Alhaji. “Makaɗi ba ya shan kunya a gaban ubangidansa ya tafi hannu biyu. Sai an wanke shi da kyautar da za a ji. Na rasa abin da ya kai, sai na ba shi dokin.”

Falon ya ɗauki kabbara da addu'a. Aka yi ta cewa Alhaji ya yi abin da sarakan da suke yi, kyautar doki sukutum, wa ya ga irin wannan a zamanin nan. Dattijon ya ɗaga hannu yana godiya, sannan ya sunkuyo wajena, da fara'arsa, ba da mugunta ba, don shi bai ga abin mugunta a ciki ba.

“Malam, ka iya kiwo, doki ya yi kyau. Na ba yarana su riƙa fita da shi. Asabar ɗin nan ma akwai hawan angwanci a unguwarku, ta bakin lungunku za a wuce.”

Kowa ya zuba min ido ana jiran abin da zan ce. Ina durƙushe a kan kafet ɗin, na buɗe baki na ce Allah ya sanya alheri, Allah ya ƙara wa Alhaji arziki. Suka ce amin.